Na Yi Kishi da Ƙanwata a Kan 'Yar Cikina

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai 'ya ɗaya tilo, wadda Allah ya ba ni bayan na daɗe ina jira, har dangi sun gaji da tambaya. Asalinmu Kano, aure ne ya kawo ni Makka. Maigidana direba ne, ni kuma ina aikin wanki da guga a wani otal a unguwar Jarwal. Mun daɗe a Nakkasa, a can aka haifi yarinyar, a can ta fara makaranta. Da rusau ya iso unguwarmu muka koma Ka'akiyya, muka kama ɗaki da falo a wani bene. Makarantar da ke kusa ta ce babu gurbi sai wani zangon, ga shi masu Umra sun fara yawa, ina fita da sassafe ba na dawowa sai yamma. Yarinya 'yar shekara tara ta zama ba ta da aiki sai zama a gidan maƙwabciya tana danna waya.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ma a nan ƙasar take aure. Tun muna yara ita ce mai farin jini. Idan baƙi suka zo gidanmu ita suke tambaya, ni kuwa sai a ce ina yayarta. Ta yi koyarwa a Kano kafin ta yi aure. Mijinta magini ne, kuma a wannan shekarar kafilinsa, wato Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya ba shi aikin gyara wani tsohon gidan gona da ya gada, a wani ƙauye wajen Wadi Fatima, ya ce su zauna a ciki har a gama. Makaranta ta yi musu nisa, don haka ƙanwata ta ɗauki karatun 'ya'yanta uku a hannunta. Da ta ji halin da muke ciki ta kira ni, ta ce Yaya ki ba ni ita mana, allo ɗaya ne, bakin da ya koya wa uku zai koya wa huɗu. Na yi murna, na yi ta sa mata albarka. Ni da hannuna na haɗa wa yarinyar kaya.

Ranar da muka kai ta, gidan bai ba ni sha'awa ba. Ginin dutse da laka ne, rabin rufin ya rufta, azarorin dabino sun ruɓe, awaki suna kwana a ɗakin da aka ce wai nan ne majalisar mai gidan na da. Ɗakuna biyu kawai aka gyara. Na ce a raina wannan yarinya da ta saba da sanyin na'ura ba za ta yi mako ba za ta fara kukan gida. Gaskiya ma ina jiran kiran nan, don in ji daɗin cewa ba ta iya rayuwa sai da ni.

Kiran bai zo ba. Sai dai hotuna da ƙanwata take turo mini. Zafi ya fara raguwa, lokacin da mu a gida muke kira kaka, ana ƙarasa girbin dabino. Ga 'yata zaune a tabarma ƙarƙashin bishiya tana rubutu. Ga ta tana shanya dabino da 'yan uwanta. Ga ta riƙe da rariya tana tankaɗe yashi, fuska duk ƙura, baki har kunne. Da safe suna yin Alƙur'ani da lissafi da karatun Hausa da Larabci, in rana ta yi sanyi su taya babansu ɗan abin da ba zai cuce su ba, ko su tsinko kuɓewa da lalo a bayan gida. Lissafin ma a jikin bango ake koya musu, su auna tsawon ɗaki su faɗi yawan bulon da zai ci. Ina tsaye a ɗakin guga, tururi yana dukan fuskata, sai in buɗe hoton in yi ta kallo. Maimakon in ce alhamdulillahi, sai in kife wayar. Dariyar da ke fuskar yarinyar nan ban taɓa ganin irinta a ɗakina ba.

Abin ya ƙaru da na lura da harshenta. Ita haihuwar nan ce, Larabci ya fi mata sauƙi, na yi fama da ita ta yi Hausa ta ƙi, in na yi mata magana da Hausa ta mayar mini da Larabci. Sai ga shi a waya tana gaishe ni da ina kwana, har tana jefa karin magana. Kuma a da Hala take kiran ƙanwata, wato ƙanwar uwa da Larabci, yanzu ta koma Umma kamar yadda sauran yaran suke faɗa. Umma ta ce, Umma ta koya mini, Umma ta yi mini kitso. Na kashe wayar na zauna a bakin gado. Na faɗa wa maigidana, ya ce ai abin godiya ne, ɗa na kowa ne, balle ƙanwar uwa. Na ce masa shi ba zai gane ba.

Wata Juma'a na samu hutu muka tafi. Gidan ya canja, an ɗora sabon rufi a wasu ɗakuna biyu, an yi wa bangon gaba shafe, an kori awaki an yi musu garke. Yarinyar ta fito da gudu ta rungume ni, ta ja hannuna ta kai ni ɗakin da za a ba 'yan matan, ta ce gobe za su shafa masa fenti, kuma ita ta zaɓi shuɗi. Ta nuna mini littafinta, ta karanta mini shafi guda ba gargada. Ƙanwata tana gefe tana murmushi, ni kuma murmushin nan ya zame mini kamar gori. Bayan la'asar yara suna wasa kusa da tsofaffin azarorin da aka jibge, sai rina ta harbi 'yata a wuya. Ta kwarma ihu ta taho da gudu. Ina zaune a bakin ƙofa, na buɗe hannuwana. Ta wuce ni, ta faɗa jikin ƙanwata tana kiran Umma.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fizge ta daga jikinta, na ce karatu na kawo ta ba leburanci ba, an mayar mini da 'ya baiwa, ta yi baƙi ta rame, ga shi yanzu za a kashe mini ita a kango. Na ce wa ƙanwata Allah ya ba ta 'ya'ya uku bai ishe ta ba, sai ta haɗa da ɗayar da nake da ita, kamar yadda tun muna yara komai nawa sai ya koma nata. A gaban mijinta na faɗa, a gaban yaran. Ƙanwata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, ki bari in sa mata magani tukuna." Na ce ba na so. Ta shiga ɗaki ta haɗo kayan yarinyar, ta ɗora ledar dabino a kai, ta kai har mota. Hawaye na ta zuba a fuskarta. Maigidana ya ba mijinta haƙuri, ya ja mota. Muka dawo Ka'akiyya.

Na samu abin da nake so, 'yata ta dawo ɗakina. Amma ba ita ce ta dawo ba. Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba ta yi kuka a gabana ba, abin da na sa ta za ta yi. Sai dai Hausar ta ɗauke ɗif, littafin ta tura shi ƙarƙashin katifa, abinci sai ta tsakura. Na sayo mata kayan wasa da sabuwar abaya, ta ce shukran ta ajiye. Sunan ƙanwata da na 'ya'yanta bai sake fitowa daga bakinta ba, ni kuma na ɗauka ta manta, har ina jin daɗi.

Ana nan sai aka yi ruwa mai ƙarfi a Makka, irin wanda yake cika tituna. Muna tsaye ni da ita a taga muna kallo. Can sai na ji ta ce a hankali, da Hausa, ko rufin ɗakin can ya riƙe, don ba a gama wancan gefen ba. Tana faɗa ta toshe bakinta da hannu, ta ɗago ta dube ni a tsorace, kamar wadda aka kama da sata. Wannan kallon ne ya farkar da ni. 'Yar da na haifa tana tsoron in san tana ƙaunar 'yan uwanta.

A ƙarshen makon na ɗauki yarinyar na je na durƙusa wa ƙanwata, duk da ni ce babba. Ta ɗaga ni, ta ce wallahi ta yafe tun ranar, kuma ba ta taɓa nufin raba ni da 'yata ba, kullum bayan karatu sai ta sa ta yi mini addu'a. Na ce to ga ta na dawo da ita. Amma yarinyar ta gaida ta kamar baƙuwa, Hala ta ce mata, kuma duk abin da za ta yi sai ta saci kallona. Yaran suka ja ta wasa ta ƙi tashi daga gefena. Da za mu tafi na ce ta zauna, ta girgiza kai. A mota na lallashe ta na tambayi dalili, ta ce in ta zauna zan sake yi wa Hala faɗa, ita kuma ba ta so Hala ta sake kuka saboda ita.

Ba ta sake kwana a gidan ba. Aiki ya ƙare, mai gida ya karɓi abinsa, ba a jima ba ƙanwata da iyalinta suka koma Kano. Muna waya, muna zumunci, amma wancan lokacin ya wuce ba zai dawo ba. Yarinyar yanzu ta zama budurwa, tana da ladabi, tana karatu. Sai dai har yau ba ta taɓa zuwa ta ce mini tana son wata malamarta ko wata ƙawarta ba. Daga bakin wasu nake ji. Ni na koya mata cewa ƙaunar wani laifi ne a wurina, kuma ta haddace darasin fiye da duk abin da aka koya mata a ƙarƙashin bishiya.

Na gane cewa kishi ba a kan miji kaɗai yake kama mace ba, kuma wanda yake shigowa da rigar son ɗa ya fi wuyar ganewa, don kana yi kana ganin kanka mai gaskiya. Zuciyar yaro ba ɗaki ɗaya ba ce da in wani ya shiga sai uwa ta fita. 'Yan uwana iyaye mata, in Allah ya haɗa ɗanku da wanda yake ƙaunarsa tsakani da Allah, ku gode, ku danne abin da ke taso muku. In ya gagara, ku kai kukanku gaban Allah, kada ku zubar da shi a gaban yaro. Babba yana yafewa a wuce wurin, ƙanwata ta yafe mini a rana ɗaya. Yaro kuwa ba ya riƙe ka da laifi, sai dai ya rufe bakinsa, kuma ni har yau ina jiran ranar da tawa za ta buɗe nata.