Goron da Na Fasa a Gidan Kakana

Shekarun baya, titi ɗaya ne tsakanin Fagge da Sabon Gari, amma wanda ya tsallaka sai ya sauya harshe, ya sauya har tafiya. Yau jikokina suna ratsawa suna latsa waya, ba su san sun tsallaka komai ba. Ni kuwa a lokacin duk Lahadi nake tsallakawa da kwanon abinci, kuma ban taɓa yi hankalina a kwance ba.

Mahaifina Babarbare ne, yana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Mahaifiyata 'yar Ibo ce, haifaffiyar Sabon Gari. Da ta musulunta ta aure shi, mahaifinta ya ce kada ta sake taka masa ƙofa. A Fagge ana ce mini 'yar Inyamura, a Sabon Gari 'yar Hausa, Baba kuma ya ce duk sun ɓata, mu mutanen Barno ne.

Kakan nawa kafinta ne. Ya dawo Kano bayan yaƙin basasa, ya tarar da gidansa a tsaye, amma 'ya'yansa maza biyu ba su dawo tare da shi ba. Inna kaɗai ta rage masa, ita ma bai yarda ya gan ta ba, sai dai yakan ci abincinta idan ni na kai. Ya daɗe da Hausawa har ya iya wasan jika. Da na yi sallama sai ya ce matarsa ta iso, kullum a makare, zai yi mata saki uku idan miyar ba yaji.

Sai kuɗin fetur ya shigo, hayar ɗaki a Sabon Gari ta yi tashin gwauron zabo. Nan take wani ɗan'uwansa na nesa ya ɓullo daga ƙauyensu, ya ce a al'adarsu gidan da ba ɗa namiji na dangi maza ne. Aka sa dattawan garinsu su zauna ranar Lahadi bayan coci. Kaka ya ce in zo in zauna a gefe, su ga yana da jini. Inna ta kasa zama wuri ɗaya duk makon. A gidan aka haife ta, kuma idan ya fita daga hannun Kaka, ba ta da sauran ƙofar da za ta jira a buɗe mata.

Ranar, maza sun cika tsakar gida a kan benci. Kaka ya ce in shiga ɗaki in ɗauko goro. Na tarar da guda uku kacal a faranti, irin nasu mai ɓari da yawa. Na leƙa na ga yawan baƙi, na ce wannan ai abin kunya ne. Yadda nake yi wa baƙin Baba, na sa farce na farfasa su ƙanana don su isa kowa, na jera su da kyau, na fito ina ji da kaina.

Duk suka zuba wa farantin ido. Ashe a wurinsu goro a dunƙule ake kawo shi, a nuna wa kowa, babba ya yi addu'a a kansa sannan ya fasa. Mace ba ta fasawa a gaban maza, ko da kuwa ta haifi sarki. Ɗan'uwan nan ya miƙe yana nuna mayafina yana magana da harshensu. Rabi nake ji, amma na gane: ga irin waɗanda ake so a bar wa gida, ga mace, ga Musulma, ko goro ba ta sani ba. Ƙafafuna suka ce mu gudu Fagge, farantin ya hana.

Kaka ya dubi gutsattsarin goron. Sai ya ɗauki ɗaya ya tauna, ya yi magana da Hausa, ina jin don in kai saƙon inda yake so ya je.

"Masu fasa mini goro suna ƙarƙashin ƙasa. Yau an fasa a gidana, kuma na ci. Wanda ya fasa, shi ne ɗana."

Aka yi ta gardama. Wani tsoho ya ce lallai akwai hakan a gargajiya, marar ɗa namiji yakan tsayar da 'ya a madadinsa, amma irin wannan ba ta aure ta bar gida. Ni kuwa ina da wanda nake so. Kaka ya ce a Kano muke, titi ɗaya ne, idan an yi kira za ta ji. Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauki goron, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ban da mutum guda.

Da na ba da labari a gida, Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "To Malam, a taimaka a ɗebo mini ruwan alwala." Gwaggota ta ce yanzu wa zai auri wadda aka mayar namiji. Inna ta sa na maimaita maganar Kaka sau uku.

Daga baya aikin jinya ya kai ni Kumasi, Hartum da Jidda. Ko'ina na tarar da jerin abubuwan da aka ce mace ba ta taɓawa, kuma ba inda jerin ya zo daidai da na wani wuri. Har yau idan aka tambaye ni ke wace ce, sai na fara duba wanda ya yi tambayar.

Lahadin da ta biyo bayan zaman dattawan nan, Inna ce ta ɗauki kwanon da kanta, ni ina biye. Daga ranar har Kaka ya rasu, a dunƙule ake kawo goro a gidan, kuma ni ake miƙa wa.