Idan Ya Ƙi Cin Sarauniyar Fa?

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da aka gwada ni a Salaga ba, mako biyu bayan Babbar Sallah. Ku da kuka shigo aikin nan bana ku saurara, don ba na son maimaita magana.

Ƙa'idar ƙungiyarmu ta koyar da wasan ces, wato darar Turawa mai sarki da sarauniya da doki da sojoji, a makarantu ita ce, mataimakin koci zai yi wata shida yana ɗaukar allo da jera 'ya'yan wasa. Daga nan babban koci zai zo daga Yendi, a ba ka wani tsohon wasa na gasar zakarun duniya, ka warware shi a gaban ɗalibai, ka nuna motsin da ya yanke hukunci. In ka ci, a ba ka kulob naka. In ka faɗi, wata shida kuma. A lokacin kulob ɗin Bawku ne ba shi da koci, kuma a Bawku mahaifiyata take. Ina son wurin nan kamar me.

Wasan da aka ba ni sananne ne. Mai farare ya ajiye sarauniyarsa, wadda ta fi kowa ƙarfi a allo, a bakin ƙaramin soja. Mai baƙaƙe ya cinye ta, bayan motsi huɗu sarkinsa ya rasa mafita. Na haddace shi kamar sunana.

Babban kocinmu, Masta Fuseini, ya zauna a baya da takardarsa. Kusa da shi Baba Seidu ne, dillalin doya, wanda yake kawo jikarsa Rahinatu a babur kowace Asabar kuma ya ƙi tafiya. Gwanin dame ne, wato draf, a unguwarsu ba mai zama gabansa. Ces kuwa, ko tsallen doki bai gama riƙewa ba.

Na fara a guje, don na ƙosa in kai wurin daɗin. "Wannan ba komai, mu wuce. Wannan ma ba komai." Da na ajiye sarauniyar a bakin sojan, ɗalibaina 'yan mata suka yi tafi. Sai Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"Ticha, a wasan naku cin dole ne?"

"A'a, Baba. Ba dame ba ne."

"To me ya kai shi? Ni shekara arba'in doka tana tilasta mini cin abin da na san guba ne. Shi da aka ba shi zaɓi, in ya ƙi ci fa?"

"Baba, ai ya ci."

"Na ga ya ci. Shi ya sa ya mutu."

Aji ya fashe da dariya. Rahinatu ta rufe fuska ta ce, "Kaka, don Allah!" Ya ce, "Ke uwargida, yi shiru, ana karatu."

Na dubi Masta, shi kuma ya dubi fanka. Littafin da na haddace bai ce komai a kan wannan ba. Bakina ya so ya ce lokaci ya ƙure. Na haɗiye, na ce, "Baba, ban sani ba."

"Madalla, mun zama biyu. Mayar da ita mu gani."

Muka mayar. 'Yan matan suka gano cewa in mai baƙaƙe ya ƙi ci, dole ya dawo da dokinsa ya kare sarki. Muka gwada, sai ga wani ƙaramin farin soja yana tsaron gidan da dokin zai sauka. Baba ya taso har gaban allo, ya nuna shi da makullin babur.

"Wannan ɗan tsurut ɗin, yaushe ya zo nan?"

Na koma baya motsi uku. Taku ɗaya ne tak, kuma yana cikin waɗanda na ce ba komai.

"Ei! Ga ɓarawon nan. Sarauniya ta sha tafi a banza. Tun a nan aka gama da bawan Allah, bai sani ba."

Bayan an tashi Masta ya kira ni. "Ayishetu, motsi nawa kika ce ba komai?"

"Tara, Masta."

"Sha ɗaya. Da kin ƙirƙiro wa tsohon nan amsa, da yanzu kina ɗaukar allo. Litinin ta sama ki kama motar Bawku. Amma ki rage gudu."

"Zan gwada."

"Ba za ki iya ba, amma ki gwada."

Abin da na koya shi ne, a wasan manya motsin da ake yi wa tafi girbi ne kawai, shukar tana can baya inda ba mai kallo. Kuma in wanda bai iya wasan ba ya ɗaga hannu a ajinku, kada ku yi masa kallon mai ɓata lokaci. Shi kaɗai ne bai haddace komai ba, don haka shi kaɗai ne yake kallon allon.