Tallar Fitila a Bakin Shagon Wani

Shekarun baya, ina gama makaranta, na samu aikin talla a wani kamfanin fitilun sola. Sati guda ana koya mana, aka ba mu takarda muka haddace. Shugabarmu ta ce duk wanda bai samo mai saye ba cikin sati biyu, ya koma gida. Ni kuwa ko a aji ban iya ɗaga hannu ba.

Ranar farko na shiga Babbar Kasuwa. Sau uku ina wuce wani shagon kayan lantarki, ƙafata ta ƙi tsayawa. A na huɗu na daure. Wani dattijo na zaune a benci bakin shagon, ya sha farar shadda. Na durƙusa na gaishe shi, na fara zuba hadda. Layi biyu na yi, sauran ya gudu. Na kamo ƙarshe, na dawo tsakiya, har na kasa gano makunnin fitilar da ke hannuna.

"Ɗiyata, numfasa tukuna," in ji shi. "Tana cajin waya?"

"Tana yi, Baba. Jiya da aka ɗauke wuta, da ita mahaifiyata ta yi girki."

Wannan ba ya cikin takarda. Ya yi ta tambaya ina amsawa yadda ta zo. Da na ce guda nawa zai ajiye a shagon, sai ya yi dariya.

"Ai ba shagona ba ne. Direba ne ni, lodin Katsina nake jira. Ga mai shagon can ciki."

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma tsoron ya riga ya ƙare a kan Baba. Na shiga na karanto wa mai shagon takardar tsaf, ko tuntuɓe babu. Ya ce, "Kin iya magana, Malama, amma ba na buƙata."

Ina fitowa Baba ya sayi fitila biyu. Bayan kwana uku ya kira ni tasha, abokan aikinsa suka kwashe sauran. Haka na tsira da aikina.

Yanzu ni nake koyar da sababbi. Kullum sai sun tambaye ni yadda ake kashe fargaba. Inda na iya, an ce mini a'a. Inda na rikice, can aka saya. Har yau ban san wanne zan koya musu ba.