Dillalin da ya koma rungumar raguna

Ranar da Malam Ƙasimu dillali ya kushe cinyar Alhaji Sada a tsakiyar karar dabbobi ta Gwaram, ina wurin, ba labari aka ba ni ba.

Alhaji Sada mai motocin haya ya zo sayen ragon suna, aka ba shi benci ya zauna, aka jawo masa wani rago gefen ƙafarsa. Ƙasimu ya tsuguna, fuskarsa na wajen mai ragon, suna ta musun farashi, ya miƙa hannu baya don ya matsa gadon bayan dabbar kamar yadda ya saba. Ashe ragon ya gusa. Ya damƙi cinyar Alhaji ta cikin shadda, ya matsa, ya sake matsawa, sannan ya girgiza kai.

"Wannan babu nama, Alhaji. Kitse ne kawai, cin dusa ba motsa jiki."

Alhaji ya ce masa a hankali ya sakar masa ƙafa. Ni dai sai da aka riƙe ni, don na kusa faɗawa kan akuyar wani.

Katanga ɗaya ta raba gidana da na Ƙasimu a Unguwar Ya, saboda haka na san shi tun yana bin ubansa da igiya a kafaɗa. Bai gaji gona mai yawa ba, hannu ya gada. In ya ɗora yatsunsa a bayan tunkiya zai gaya maka ko harawar wake ta ci ko bola ta yi kiwo. Matan unguwarmu da ke kiwo a cikin gida ba sa zuwa kasuwa, shi suke ba wa dabbobinsu ya kai ya sayar. Da wannan amanar yake ci da iyalinsa.

Ciwon ya shigo ne a sace. Da farko ya ce yana jin kamar kiyashi na yawo a yatsunsa. Sai goro ya fara suɓuce masa, sai kofin shayi. Wata rana igiyar wani sa ta zare masa fatar tafin hannu, bai sani ba sai da ya ga jini a rigarsa. Matarsa Juwairiyya ce ta tisa shi gaba zuwa asibitin Birnin Kudu. Can aka ce ciwon suga ne ya daɗe a jikinsa ba a sani ba, har ya cinye jijiyoyin hannu. Likita bai ɓoye masa ba: magani da kiyaye abinci za su hana abin yin gaba, amma kada ya sa ran jin da ya tafi zai dawo duka. Ƙasimu ya dawo gida ya ja bakinsa ya yi shiru, ya ci gaba da zuwa kara yana matsa dabbobi da hannun da ba ya gaya masa komai. Cinyar Alhaji ce ta tona shi.

Kafin mu sauka daga mota labari ya riga mu isa gida. Ba ni na kai ba, ni gyara shi kawai na yi. Mata suka fara aikowa ana kwance dabbobinsu daga turken ƙofar gidansa, kowace da uzurinta, ana kai wa Taufiq, wani matashin dillali mai baƙin gilashi da waya biyu. Inna Mas'uda ce kaɗai ta bar ragonta. Ta ce ita uban Ƙasimu ne ya sayar mata da tunkiyarta ta fari, ba za ta sauya gida da furfura ba.

Ya yi makonni bai leƙa kasuwa ba. Ta kan katanga nake jin Juwairiyya tana masa binciken yamma, tana juya hannuwansa tana neman ƙaya ko ƙuna, shi kuma yana mita wai an mai da shi jariri. Ta naɗe masa mariƙin cokali da tsumma don ya yi kauri. Ruwan alwala da gwiwar hannu yake gwada zafinsa. Na tambaye shi ko in sayo masa bulumbotin shan madara, ya jefe ni da takalmi, bai same ni ba.

Ragon Inna ne ya buɗe masa ido. Ya tsinke igiya wata safiya ya yi waje, Ƙasimu ya tare shi a lungu, da yake yatsu ba su da tabbas sai ya rungume shi da damatsa ya ɗaga. Na same shi tsaye da rago a ƙirji ya ƙi saukewa. Ya ce min daga wuyan hannu zuwa sama komai da ransa: yana jin haƙarƙarin, yana jin nauyin, har bugun zuciyar dabbar yana ji.

Daga ranar babu dabbar da ta sha a unguwar. Zai naɗe hannun riga har kafaɗa, ya goga damtse a bayanta, ya ɗaga, ya jijjiga, ya kara kunne a cikinta. Akuyata ma ya rungume ta ba tare da izinina ba, ya ce min tana da ciki. Na ƙaryata shi, ta haifi biyu. Igiya kuwa a wuyan hannu ya koma ɗaura ta, inda zai ji in an fizga.

Ranar kasuwa, ana saura mako guda babbar Sallah, ya yi shiri ya ja ragon Inna Mas'uda zuwa Gwaram, na bi shi don kada wani abin dariya ya wuce ni. Wani babban mahauci daga Kano yana neman rago na gani na faɗa. Taufiq ya riga ya zaɓo masa wani mai ciki kamar randa, yana ta matsa shi da yatsu yana yabo. Ƙasimu ya nemi izini, ya sunkuya ya ɗaga ragon, ya jijjiga shi a ƙirjinsa. 'Yan kara suka fara ihun ga ango ga amarya. Bai kula su ba. Ya sauke, ya ce wa mahaucin an ɗura wa dabbar ruwan kanwa ne da safe, yana jin ruwan yana kaɗawa. In ba a yarda ba a ɗaure shi a inuwa a jira la'asar.

Aka ɗaure. Rago ya yi ta fitsari har ƙasar wurin ta zama taɓo. Kafin kiran salla ciki ya zube, ƙasusuwan kwankwaso sun fito kamar maratayin riga. Mahaucin ya kama igiyar ragon Inna, kuma ya roƙi Ƙasimu ya zaɓar masa sauran da zai loda. Har magariba maƙwabcina yana rungume-rungume, rigarsa ta koma kalar ƙasa.

Washegari da na fito, turken ƙofar gidansa ya cika har an ɗaura wasu a jikin dalbejiyata. Yana tsakiyarsu yana naɗe hannun riga, sai ga Taufiq a kan babur. Ya tsaya, ya gaishe shi sama-sama, ya ce yana dai ba shi shawara, mutum mai mataccen hannu ya kamata ya zauna a gida ya yi jinya.

Ƙasimu ya gama ɗaura igiya a wuyan hannunsa tukuna, sannan ya ɗago.

"Ni ai an gano ciwona, ɗana, har ina shan magani. Kai da yatsunka goma lafiya lau suka zaɓo maka tulun ruwa, wane asibiti za mu kai ka?"