Falon da Aka Ce Kada a Taɓa

Tela maƙwabcina ne. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma ba ta da kauri, don haka abin da zan faɗa ba a bakin titi na tsinto shi ba. Dogo ne marar nama, mai tafiya a hankali kamar yana tausayin ƙasa. A kan keken ɗinki ya ƙare ƙarfinsa, har idonsa ya daina ganin ramin allura, sai ya tura keken lungu ya lulluɓe shi. Matarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta, ita ce rediyon gidan. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa. Tun rasuwar matar gidan ya yi tsit. Da rana sai in jiyo cokali ɗaya yana bugun kwano ɗaya, shi ke nan.

Wata rana wani mai gajeren wando ya shigo layinmu yana leƙa gidajen mutane. Wai masu fim ne, suna neman falon da zai yi kama da na tsofaffin masu rufin asiri. Ya leƙa nawa ya ce ya yi duhu. Na ce masa kafin ka shigo dai da haske. Da ya ga na Tela, da kujerun nan masu hannun katako da babbar taga da kabad ɗin marigayiya cike da faranti, sai ya hau buga waya.

Suka zo da mota cike da fitilu da wayoyi da janareta. Shirin talabijin ne mai dogon zango, labarin wani gida da ba su da aiki sai faɗa: uba, uwa, da 'yarsu mai taurin kai. Suka sauke hoton matar Tela daga bango suka rataya na iyalin ƙarya. Na ɗauka zai ji zafi. Ina! Mutumin da ke kwana biyu bai buɗe baki ba sai ga shi yana dafa wa mutum talatin ruwan shayi. In maɓallin riga ya cire, wani ya zura masa zare, shi ya ɗinke. Suka sa masa suna Baban Falo. Yarinyar da ke fitowa a 'yar gidan kullum sai ta same shi ta ce, "Baba, ka karya kuwa?" Har kumatu ya yi. Na ce masa, "Tela, turare nake ji ta katanga, ko aure za ka ƙara?" Ya ce, "Ke dai bakinki ba ya hutawa."

Akwai wani abu a sana'arsu da ni ma sai da na zauna na gane. Ba sa ɗaukar labari a jere. Mutum zai ɗaga kofi yau, ba zai kurɓa ba sai wata mai zuwa, amma a talabijin ka gan shi kamar numfashi ɗaya ne. Saboda haka dole kofin ya zauna inda yake, labule ya tsaya yadda aka bar shi. Akwai mace guda, Mai Tabarau muke ce mata, aikinta ke nan kawai. Tana bin komai da waya tana ɗaukar hoto, tana manna salatif a ƙasa daidai ƙafar kowace kujera. Na taɓa gyara wani matashi da ya karkace, ta yi min tsawa kamar na taɓa wuta.

Ranar ƙarshe suna tsakiyar babban faɗa ne. Uban ya yi jifa da matashi, kofi ya kife a tebur, 'yar ta ruga waje ta bar takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Nan mai fitowa a uban ya ce kansa na juyawa, aka kai shi asibiti, darakta ya ce a tafi hutu. Suna loda kaya Mai Tabarau ta riƙe hannun Tela ta ce, "Baba, don Allah kada a taɓa komai. Daga nan za mu ɗora in mun dawo."

Ya ce, "Ko ƙuda ba zai sauka ba, 'yata."

Ita ta faɗa ne kamar yadda take faɗa a kowane gida. Shi kuma ya ɗauka amana ce.

Ya kulle falon, ya koma shiga ta ƙofar baya. Talabijin ɗinsa na ciki, ya haƙura da kallo. Da safe yakan buɗe, ya cire takalmi, ya bi kaya yana hure ƙura da baki don kada hannu ya gusar da wani abu. In ya ji babbar mota ta shigo layi sai in ga kansa ta saman ƙofa, ya gyara hula. Mai ruwa ne, ko masu kwashe shara. Damina ta zo ta wuce. Zafi ya shigo. Kumatun suka koma inda suka fito.

Cikin zafin nan 'yarsa ta zo da yaranta uku, da niyyar su yi masa hutu gaba ɗaya. Na shiga yi mata sannu da zuwa, na tarar an cusa su a ɗakin baya, gumi na zuba. Yara kuwa ba sa jin kada. Ƙaramar ta sami makulli, ta shiga falo, ta zura ƙafarta a takalmin nan tana ja tana dariya. Ban taɓa jin muryar Tela ta kai haka ba.

"Ajiye! Wa ya ce ki taɓa?"

Yarinya ta fashe da kuka. Uwarta ta shigo da gudu, ta ɗauke ta, sannan ta ɗaga kai ta ga bango.

"Baba, su wane ne waɗannan? Ina hoton Inna?"

"Yana nan a akwati, na naɗe shi da kyau. In sun gama za a mayar."

"In su wa suka gama? Baba, jikarka ka yi wa tsawa a kan takalmin wata."

"Aikin mutane ne, Uwata. Ba ki san yadda abin yake ba."

"To ka haɗa kayanka mu tafi tare. Ga ɗaki can mun gyara maka, ba ka da kowa a nan."

Ya ce, "In sun zo su tarar da kwaɗo a ƙofa fa?"

Na sa baki na ce, "Tela, waɗancan in ka faɗi ba su za su ɗaga ka ba." Ya ce in fita masa daga gida. Na fita. Kwana biyu 'yar ta ƙara, ta kwashi yaranta ta tafi. Ya raka su bakin titi, ƙaramar ta ƙi ba shi hannu.

Bayan wannan da ɗan lokaci na je kantin magani sayen na ciwon gwiwa, sai ga shirin a talabijin ɗin mai kanti. Ga uban nan ya warke har da tumbi, ga uwar, ga 'yar. Amma suna zaune a wani falo mai matakala da fitila mai lilo. Na tambayi mai kanti, ya ce ai tuni a labarin uban ya yi arziki sun tashi. Na ce faɗan fa, wanda ta gudu ta bar takalmi? Ya ce shi bai ga wani takalmi ba, kuma bai taɓa fashin kallo ba.

Na yi tunanin in rufe bakina. Ban iya ba, ban kuma ga amfanin iyawar ba. Na same shi a bayan gida yana wanke kwanonsa.

"Tela, mutanenka sun tashi."

"Sun tashi ina?"

"A fim ɗin. Sun koma gidan bene. Da idona na gani."

Ya ci gaba da cuɗa kwanon da ya riga ya fita. Can ya ce, "Ita yarinyar fim ɗin tana lafiya?"

"Ta fi ka lafiya."

"Da sun aiko ai. Ko a baki ne."

"Da sun aiko."

Ya ɗauraye hannu, ya goge a riga, ya ce in ara masa wayata, tasa ba kati. Mai kanti ya taɓa sa min lambar 'yar Tela, na danna masa. Ta daɗe tana ringi kafin a ɗauka. Ya juya min baya, amma ni kunnena ƙalau yake.

"Uwata, ni ne. Na ce ko za ku dawo? Falon... yara za su iya shiga yanzu."

Ta ce masa an koma makaranta. Ta ce ɗakin da suka gyara ƙanen mijinta ya shiga, sai dai a ga yadda za a yi. Ta ce in an yi hutu za ta duba. Ba ta yi masa rashin kunya ba, muryarta dai ta mutum ce mai aiki a gabanta.

"To, to. Ba komai. A gaishe min da ƙaramar. Ki ce mata..." Sai ya tsaya. Ta riga ta kashe.

Ya miƙo min wayar da hannu biyu. Ya tambaye ni ko na san yaushe makarantu ke yin hutu. Na ce ni da ban taɓa shiga aji ba ina zan sani, amma zan tambayo masa. Ya ce in tambayo da kyau, kada a faɗa min na wata makarantar.