Kwana uku ina cewa layin Jidda bai shiga ba

A shekarun da ake tare bas a hanya ana sauke samari a kai su yaƙin kudu, ni bazawara ce mai sayar da kisra, wainar dawa ta mutanen Sudan, a bakin kasuwar Gadarif, ni kaɗai ke zaune da mahaifiyarmu. Ƙanena, autanmu, ya tsallaka Jidda yana tuƙa wa wani Balarabe mota. Ni ke yi wa Inna wanka, ni ke juya ta a gado, amma ko maƙwabciya ce ta leƙo gaisuwa, zancen auta ne. Kullum sai ta ce ai Jidda ba nisa, sa'a ɗaya da rabi ce a jirgi zuwa Hartum, ɗanta ya fi mutanen Doka, garin da ke nan gefenmu, kusa da ita. Wallahi maganar nan tana ƙona mini rai. Kishinsa nake yi, ba zan ɓoye ba. Ni da hayaƙi ya cinye wa idanu ba a ganina, sai mai aiko da turare a kwali.

Da ciwonta ya tashi a tsakiyar damina, ta riƙe hannuna ta ce in je gidan waya in kira shi, tana so ta sa shi a ido. Na ce to. Na fita, na zaga kasuwa, na dawo na ce layi bai shiga ba. Washegari haka, wanshekare ma haka. A raina cewa nake, in ya shigo da akwatinsa shi za a sa wa albarka, ni in koma 'yar miƙo ruwa. Kuma ai ita ta ce sa'a ɗaya da rabi ce. In abu ya ɓaci na kira shi da safe, ya yi azahar a gabanta. Ni da ban taɓa wuce Showak da ke nan kusa da Gadarif ba, ina na san tafiya? Sai rana ta huɗu, da ta kasa haɗiyar ko madara, na buga.

Ashe zaman cikin jirgin ne kawai sa'a ɗaya da rabi. Kwana biyu ya yi yana bin kafilinsa, ubangidan da ke riƙe da fasfonsa, kafin ya ba shi izinin fita, ya ƙara kwana yana neman kujera. Ya sauka Hartum motocin Gadarif sun riga sun tashi, ya kwana a tasha. Hanyar sa'a shida ta ci masa yini guda, ga ruwa, ga shingaye ana duba takardun samari. Ya shigo gida kwana biyu bayan an kai ta makwanci. Da ranar da ta ce na kira, da ya same ta da rai. Ya durƙusa gaban gadonta yana kuka, sannan ya sumbaci kaina, ya ce Allah ya saka mini da alheri da na yi saurin sanar da shi, shi ne ba shi da rabo. Innalillahi! Na so ƙasa ta tsage in shige.

'Yan'uwa, sai da ta tafi na gane uwa ɗan da ba ta gani take ambato, ba wai ta fi son sa ba ne. In mara lafiya ya ce a kira masa wani, a kira a take, kada a tsaya lissafin nisa, balle a bar kishi ya yi lissafin. Har yau ban iya faɗa masa ba. Duk sanda ya tuna Inna, kafilin yake nufi in ya ce Allah ya isa tsakaninsa da wanda ya hana shi ganin uwarsa. Ni kuwa ina zaune gefensa, dole in ce amin.