Mainasara Dillali da Ragon Cikin Kaset

Mainasara dillalin tumaki ne, haifaffen Zurmi, amma rabin rayuwarsa a karar Shinkafi, kasuwar dabbobi, ya yi ta. Tun yana yaro yake bin ubansa yana riƙe igiya, har ya kai in ya shafa gadon bayan rago sai ya gaya maka abin da uwar ragon ta ci ranar da ta haife shi. Makiyaya daga Katuru har bakin iyaka sukan miƙa masa dabba su tafi shan fura, ko waiwaye ba sa yi. Ba shi da shago, ba shi da garke, wannan amanar ce kaɗai jarinsa.

Wanda ya ja masa shi ne taubashinsa Muntari na Ƙaura. Muntari yana da kyamarar ɗaukar biki, wata ƙatuwa da in ya saɓa ta sai ka rantse buhun gero ya ɗauko. Da aka ƙaddamar da Shari'a kiɗa ya yi sanyi a bukukuwa, babu rawar da za a ɗauka, kyamara ta koma ƙarƙashin gado. Sai ya ce shi ma fim zai yi, ba sai ya je Kano ya durƙusa wa kowa ba. Fim mai tsabta, ba waƙa ba rawa, kashi-kashi, a kan wani ɗan sakandare mai gano ɓarayi ta bin sawu da yawan tambaya. Har yana cewa gidan talabijin zai zo yana roƙo. Ɗan sakandaren bai yi wahalar samu ba, ga Alamin ɗan limamin unguwarsu, wanda surutunsa ya ishi kowa. Wanda za a zarga da sata ne ya gagara, sai Muntari ya tuna yana da taubashi, wanda dama tun ƙuruciya ɓarawo yake kiransa a wasa.

Ya rantse masa cewa a kashi na ɗaya zargi ne kawai. A na biyu za a kama ɓarawon gaskiya, yaron ya durƙusa ya ba shi haƙuri. Mainasara ya ji za a durƙusa masa a talabijin, ya yarda.

A fim ɗin an raɗa masa suna Tambari, amma duk kiran da aka yi wa Tambari sai ya tsaya yana kallon gajimare. Kaset yana ta cinyewa, Muntari ya ce a bar masa sunansa. Kayan wasa babu, ya sa rigarsa ta cin kasuwa. Wurin ɗauka kuwa karar Shinkafi ranar kasuwa, don Muntari ya ce ga taro nan kyauta. Kashi na ɗaya ya ƙare da Alamin yana nuna shi da yatsa yana tambayar ina ragon wani Malam da aka sace, shi kuwa yana zare ido yana haɗiyar yawu. Allah ya yi masa baiwar wasan da bai roƙa ba.

Gidajen kallo a rufe suke, don haka kaset ya bi gida-gida, ƙauye-ƙauye, har inda ba a taɓa ganin bidiyo ba. Kasuwa ta zagayo, Audu makiyayi, wanda ya fi shekara goma yana ba shi dabba, ya miƙa masa tunkiya, sannan ya zauna daf da shi, ya manta da fura. Mainasara ya yi dariyar yaƙe ya ce ai wasa ne.

"Na san wasa na," in ji Audu. "Amma duk faɗin ƙasar ga, mi yas sa kai anka zaɓa?"

A shekarun nan kalmar ɓarawo ba abin wasa ba ce. Ya lura in yana magana wuyan hannunsa ake kallo, sai ya koma yawo da hannu cikin aljihu, abin da ya ƙara masa kama da mai ɓoye wani abu. Matarsa Iyatu ta ce in ya gifta, maƙwabta kaji suke korawa akurki. Ya daina zuwa kasuwa, ya koma zaman zaure, ba inda yake fita sai Ƙaura, wurin matsa wa Muntari.

Kashi na biyu kuwa yana buƙatar ɓarawon gaskiya, kuma kowa ya ga yadda aka yi da na ƙarya. Muntari ya zaga Ƙaura, ya shiga Ɗan Isa, har wani da ya taɓa zaman gidan yari ya ce shi yana da mutuncin da zai tsare. Mainasara ya ce to shi Muntarin ya fito mana, Muntari ya ce wa zai riƙe kyamara? Ga Alamin gashin baki ya fara tsiro masa, liman yana shirin tura shi karatu Sakkwato.

Nan Muntari ya kawo dabara: kura ce ta ɗauke ragon, kura ba ta da dangin da za su ji haushi. Aka haɗa fatun akuya, aka ɗiga musu shuni. Mai shiga ciki ma aka rasa, dole Mainasara ya shiga da kansa, ya yi rarrafe cikin gonar gero da tsakar rana yana jan rago, ana ɗauka daga nesa. Alamin ya durƙusa ya ba da haƙuri, Mainasara ya yafe masa da jawabin da ya fi huɗuba tsawo. Rarrafen kura aka sa a ƙarshe, don a nuna wa jama'a yadda abin ya faru.

Muntari ba shi da na'urar tacewa, kuma saurin da Mainasara ya sa shi bai bar shi ya kalli ƙarshen kaset ba kafin ya kwafa. Ashe bai kashe kyamara da wuri ba. A bakin gona kura ta miƙe da ƙafa biyu, ta tuɓe kai, ta share gumi, ga Mainasara.

Kaset ya bi ƙauyuka a haka. Shi bai sani ba, ya ci ado ya nufi kara. Jama'a suka dare masa hanya, ana janye tumaki. Audu ya gaishe shi daga nesa da ladabin da bai taɓa yi masa ba.

"Ka yi haƙuri, Malam Mainasara, mun zalunce ka. Ashe ba sata kaka yi ba. Rikiɗa kaka yi."

Yanzu ba mai kiransa ɓarawo, ba wanda zai yi gangancin haka. Dillanci dai ya ƙare. Wani mai rumbunan hatsi a Zurmi ne ya ɗauke shi gadi, kuma tun da ya kama aiki ko ɓera bai leƙa wurin ba. Ranar kasuwa yakan zauna a gindin rumbu yana kallon motocin tumaki suna wucewa Shinkafi, direbobi suna ɗaga masa hannu suna ƙara wuta.